Daga Sakkwato zuwa Illela: kowace mota da iyakar gudunta

Ƙarfe bakwai da rabi na safe motarmu ta cika a Tashar Illela, cikin birnin Sakkwato. Sharon ce, jikinta ya sha duniya amma injinta garau. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kafin azahar. Na biya kuɗin mutum biyu na zauna gaba ni kaɗai, domin ina son in riƙa ganin maleji, kuma bel ɗaya ba ya ɗaure mutum biyu.

Kafin a gama lodi na zagaya na duba tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 1823 na nufin an ƙera ta a mako na 18 na shekarar 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda kowa ke kira Rod Sefti, tana ba taya shekara huɗu daga ranar ƙira, ko ba ta taɓa taka kwalta ba, saboda roba tana bushewa tana tsattsagewa ko a cikin shago take. Zanen taya kuma kada zurfinsa ya gaza milimita 1.6. Ba sai ka nemi abin awo ba: a cikin kwarin zanen akwai 'yan tudun roba da masu ƙira suka sa, idan fuskar tayar ta cinye ta yi daidai da su, ta gama aiki. Tayar gwanjo takan ruɗi mai saye, zanenta ya yi kyau amma shekarunta sun wuce.

Yaron mai faci ya durƙusa zai rage wa tayoyin baya iska, wai rana za ta yi. Direban ya daka masa tsawa: "Kai, bar ta hakanan!" Gaskiyarsa. Wannan kuskure ya zama ruwan dare a ƙasar zafi. Tayar da iskarta ta gaza, gefenta ne ke lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi shi ke dafa ta daga ciki har robar ta rabu da wayoyinta ta fashe. Iskar da ta dace tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, lamba ɗaya ta mota marar kaya, ɗaya ta mota cike. Da safe ake aunawa, taya na sanyi. Idan an yi tafiya ta ɗumama iskar za ta ɗan hau, an san da haka tun wurin ƙira, ba a sace ta.

A cikin gari dokar hanya ta Najeriya ta tsayar da kilomita 50 a awa ga ƙananan motoci da tasi da bas da babur, tanka da tirela kuwa 45. Wannan iyaka ce ta sama, ba a ce dole sai ka kai ta ba. A bakin tasha, inda 'yan kabu-kabu, wato masu babur na haya, ke kutsawa ta hagu da dama, agwagwa da buje, wato keken haya mai ƙafa uku, na tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, almajirai na tsallake titi a guje, ko 30 ta yi yawa wani lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma 30 take ba da shawara a duk inda mutane ke cuɗanya da motoci. A shataletale kuwa, wanda ya riga ya shiga, wato mai zuwa ta hagunka, shi ke da hanya. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama na titi, amma har yau ka tsaya a Gidan Man Ada ko Raun Mairuwa ka ga yadda ake shiga da ƙarfin ham, sai ka rantse jiya aka sauya.

Agwagwa da buje ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Ƙafa uku gare ta, ɗaya a gaba, jikinta kuma dogo ne marar nauyi. Idan ta shiga kwana da gudu nauyi yakan koma gefe guda inda babu tayar da za ta tare shi, sai tayar baya ta ciki ta ɗaga. Ƙarin fasinja a gefen mai tuƙi yana ƙara karkatar da ita, yana kuma hana hannunsa juyawa. A ganina 30 zuwa 40 ya ishe ta a gari, kuma tun kafin kwana ake rage gudu, ba a tsakiyarta ba.

Da muka haye gada muka bar fadama a baya, hanya ta buɗe. Wannan ita ce A1, wadda ta taso tun daga Legas ta ƙare a kan iyakar Nijar, kuma daga Sakkwato zuwa Illela wajen kilomita 85 ne. A nan ne yawancin direbobi ke ruɗa kansu. Ka tambayi goma a tasha nawa ne gudun babbar hanya, tara za su ce maka ɗari. Dokar ta raba hanyoyin bayan gari gida biyu. Akwai babbar hanya ta yau da kullum, shimfiɗa ɗaya da mai tafiya da mai dawowa ke rabawa. Akwai kuma tagwayen hanya irin wadda aka gina don gudu, mai shinge a tsakiya. A ta farkon, motar gida 80 ce iyakarta, tasi da bas su ma 80, tanka da tirela 50, babur 50. A ta biyun ne motar gida ke kai 100, tasi da bas 90, tanka da tirela 60, babur kuma ba a ba shi gurbi a can ba sam. Motar janwe idan tana jan wata 45 ce ko'ina, idan ba ta ja 50 a gari, 60 a babbar hanya, 70 a tagwaye. Hanyar Illela irin ta farko ce. Saboda haka ɗarin nan ba ta da wurin zama a kanta, kuma duk inda aka kafa allo mai jan zagaye da lamba a ciki, lambar allon ce ke aiki.

Direbanmu, dattijo mai furfura a gemu, ya tsayar da allura tsakanin 75 da 80. Na yi sa'a malejinsa na aiki, domin a motocin haya da yawa ya mutu tun tuni. Wanda nasa ya mutu yana iya aunawa da agogo: kilomita ɗaya a minti ɗaya gudun 60 ke nan, a sakan 45 gudun 80, a sakan 36 gudun 100, a sakan 30 kuwa 120. Wayar hannu mai taswira ma tana nuna gudu, sai dai fasinja ne zai duba, ba direba ba. Akwai wani tarko da ke kama masu motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Camry da Sienna. Manyan lambobin malejinsu mil ne, kilomita ƙanana ne a ciki. Mil 50 shi ne kilomita 80. Mutumin da ya ɗora allura a kan babban 80 yana ganin yana bin doka, alhali kilomita 129 yake yi.

Abin da ya sa aka tsaya a 80 lissafi ne, kuma ba mai wuya ba. Mota a 80 tana cin mita 22 kowane sakan. Daga lokacin da ido ya ga akuya zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, direba mai hankali a jikinsa yakan ɗauki kamar sakan ɗaya da rabi, mota ta riga ta ci mita 33 ba a rage komai ba. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, yana bukatar wasu mita 36. Jimla mita 69. A 50 jimlar mita 35 ce. A 100 ta kai 98, kusan tsawon filin ƙwallo. A 120 ta haura 130. Tazarar birki ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkuwa. Ga inda abin ke da ban tsoro. A ce motoci biyu suna jere, ɗaya a 80 ɗaya a 100, jaki ya fito a mita 69. Ta farko za ta tsaya dab da shi. Ta biyu za ta iso wurin tana kan gudun 70 da 'yan kai. Bambancin 20 a maleji ya zama bambancin 70 a wurin karo. Idan kuma iska ta kwaso yashi ta shimfiɗa a kan kwalta, abin da ba ya wuya a wannan yanki, ko ruwan farkon damina ya taso da maiƙon da ya kwanta tun rani, mita 69 ɗin nan takan koma kusan 100.

A Kware direban ya sauko 40 tun kafin gidajen farko. Masu rake da masu ƙosai sun matso har bakin kwalta, ga tudun rage gudu wanda ba fenti a kansa, sai wanda ya san wurin. Garin da babbar hanya ta ratsa, dokar cikin gari ce ke aiki a cikinsa, ko da allo ko babu. Mai gudun 50 da yaro ya ɓullo masa a mita 35 zai tsaya. Mai gudun 70 zai buge shi yana kan 60 da wani abu, domin mita 29 ta tafi kafin ma ya taɓa birki. Karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar bene hawa uku. Wanda bai ɗaura bel ba da wannan ƙarfin zai daki gilas, na baya kuma ya daki na gaba. Uwa ba ta iya riƙe jariri a irin wannan, komai ƙarfin hannunta, shi ya sa ake cewa yaran da ba su kai shekara 12 ba su zauna baya.

Bayan Kware muka cim ma wata tirela, an lulluɓe kayanta da tamfol, an rubuta a bayanta da jan fenti: hanyar lafiya a bi ta da shekara. Na dubi malejinmu, 70 muke yi kuma ba ma matsowa kusa da ita. Mai karin maganar ya ɗara iyakarsa da 20.

Direbanmu ya ja baya ya bar tazara. Yadda ake aunawa: ka zaɓi itace ko turken wuta, idan bayan motar gabanka ya wuce shi ka fara ƙirga, dubu ɗaya da ɗaya, dubu ɗaya da biyu, dubu ɗaya da uku. In ka iso kafin ka gama, ka matse da yawa. Sakan biyu shi ne mafi ƙaranci, uku ya fi, a ruwa ko hazo a ninka. Bayan babbar mota tazarar tana da wani amfani na daban: idan ka manne mata ba ka ganin gaba, shi ma direbanta ba ya ganinka. In ba ka hango madubinsa, to ba ka cikin idonsa.

Wani fasinja a baya, mai babbar riga, ya ƙosa. "Direba, wagga tahiya taka ta yi sanyi. Wuce shi mana!" Wata dattijuwa ta amsa kafin direban ya buɗe baki: "Ɗana, rabu da shi. Kai dai kai mu lahiya." Direban ya ce, "To, Inna. Alhaji, a yi haƙuri, ban ga gabana ba tukun." Muka bi ta kusan minti biyar.

Wuce babbar mota shi ne aiki mafi haɗari a hanya irin wannan, kuma yawancin mutane ba su san tsawon filin da yake ci ba. Tirela takan kai mita 17. Ka fito daga mita 20 a bayanta, ka koma hannunka mita 20 a gabanta, ga tsawon motarka, kana da kimanin mita 60 da za ka cinye a kanta. Idan tana 50 kamar yadda doka ta ce, kai kana 80, kana fin ta da mita 8 a sakan, aikin zai ɗauki sakan bakwai zuwa takwas. A wannan lokacin ka ci mita 165 a hannun da ba naka ba, mai tahowa ma ya ci kamar haka. Sai ka ga fili na mita 400 babu kowa kafin ka fito. Amma idan tirelar tana 70, kai kana 80, bambancin bai kai mita 3 a sakan ba. Za ka yi sama da sakan 20 kana jere da ita, filin da kake bukata ya kusa kilomita guda. Ba direban da ke da wannan haƙuri, sai ya taka totur ya kai 110 ko 120. Ka ga gudun tirela ya haifi gudun ƙaramar mota, kuma idan aka yi gaba da gaba da mai zuwa a 80, gudun haɗuwar ya kusa 200. Wannan ne ya sa nake ganin iyakar 50 ta manyan motoci ta fi kare na cikin Sharon a kan na cikin tirelar.

Ba a wucewa a kwana, ko a hawa inda ba a ganin bayan tudu, ko a kan gada, ko a mararraba, ko inda farin layin tsakiya ya miƙe bai tsinke ba. Ba a bin bayan wanda ke wucewa a rufe ido, domin shi zai samu gurbin komawa, kai ka tarar da hanci. Sigina da direban babbar mota ke kunnawa wai ka wuce, ko hannun da karen mota ke kaɗawa, kirki ne kawai, idonka ne shaida. Akwai wata alama mai sauƙi: motar da ke tahowa, idan ka ga tana ƙara girma a idonka, ta yi kusa. Da fili ya samu direbanmu ya duba madubi, ya kunna sigina, ya sauko giya ɗaya don injin ya ja da ƙarfi, ya yi ham sau ɗaya, bai koma hannunsa ba sai da ya ga gaban tirelar gaba ɗaya a madubin ciki.

Su manyan motocin nauyi ne ya sa aka rage musu. Tirelar siminti irin waɗanda ke fitowa daga Kalambaina takan ɗauki buhu 600, tan 30 ke nan, da nauyin kanta ta haura tan 40. Sharon cike da mutane ba ta wuce tan biyu da ɗan abu ba. A gudu ɗaya, ƙarfin da birkin tirela zai kashe ya kusa ninki ashirin na namu, kuma idan ta tashi daga 50 zuwa 80 wannan ƙarfin ya sake ninkuwa sau biyu da rabi. Duk yana komawa zafi ne a cikin gangar birki. In ta yi zafi ainun takan buɗe ta nisanci takalmin birki, direba ya taka ya ji babu komai, sai a ce birki ya tsinke. Birkin nasu na iska ne, yana da ɗan jinkiri kamar rabin sakan kafin ya kama. Tankin iskar yana tara ruwa, ana so a tsiyaye shi kullum, kuma ba a tashi da safe sai allurar iska ta cika. Mugun hali shi ne sakin giya a gangara don tsimin gas. Injin ya daina riƙe mota, famfon iska ya rage aiki, kowane taku na birki yana zubar da iskar da ba a mayarwa. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita ake sauka.

Tanka ta fi tirela wuyar sha'ani domin kayanta na motsi. Lita 33,000 ko 45,000 na mai, in an taka birki sai ya tunkuɗo gaba, in an karya kwana ya kwanta gefe. Wadda ba ta cika ba, ta fi cikakkiya saurin kifewa, saboda man ya samu wurin kai da kawo. Daga 1 ga Maris 2025 gwamnati ta hana lodin tankoki masu lita 60,000. In tanka ta faɗi, nisa ake yi, a kashe inji, a hana kowa kusanta. Tururin fetur yana bin ƙasa, tartsatsi kaɗan ya ishe shi. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoba 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka je kwasar mai ne.

Wajen Gwadabawa ƙasar albasa ce, kuma lokacinta ne. Wata Golf ta shigo hanya daga gefen gona, buhuna a but, buhuna a kan rufi, bayanta ya zauna har bututun hayaƙi na neman taɓa ƙasa. Motar da aka yi wa haka gabanta ya yi sakayau, sitiyari ba ya kama ƙasa sosai, fitilunta na kallon sama, tayoyin baya na ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu a kan kwalta mai zafi. Ga irin wannan 80 ba iyaka ba ce, ganganci ne. Idan taya ta fashe, abin da ƙafa ke so shi ne ta danne birki, kuma shi ne ke wuntsila mota. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar mota ta rage da kanta, sai ta sauko ƙasa da 40 a taɓa birki sannu a gangara gefe.

Babura kuwa ba a magana. Mun wuce ɗaya da mutum uku da tunkiya. Doka fasinja ɗaya ta sani, da hular kwano ga kowa, kuma tun 1 ga Janairu 2009 aka fara tilasta ta. Rawani ba ya tare kwalta. Hular ma in ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ita ke fara tashi. 'Yan kabu-kabu da yawa birkin ƙafa kaɗai suka sani, suna tsoron na hannu, alhali na gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Tare ake kama su, a matsa a hankali, sai a kan yashi ko tsakuwa ne ake sassauta na gaba. Mata kuma su tattare bakin hijabi da zane, maza su naɗe babbar riga, domin sarƙa da wayoyin taya ba sa sakin abin da suka kama. Lasin ma aji-aji ne: A na babur, B na ƙaramar motar gida, G na tirela. Iya tuƙa ɗaya ba ya nufin iya ɗayan.

Wani zai ce ai an sa wa motocin haya na'urar taƙaita gudu. Haka ne, Rod Sefti, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ta sosai daga 1 ga Fabrairu 2017. Amma a san abin da take yi. Ba ta taka birki, mai take rage wa inji idan an kai lambar da aka saita. Lamba ɗaya ta sani. Ba ta san an shigo Kware ba, ba ta san garken shanu na tsallakawa ba. Shanu kuwa in ɗaya ta sa ƙafa a kwalta sauran na biye, tsayawa ake yi cak, ba ham, har sai makiyayi ya wuce da na ƙarshe.

Mun shiga Illela ƙarfe tara saura minti biyar, awa ɗaya da minti 25, har da tsayawa a shingayen jami'an tsaro. A lissafin takarda, kilomita 85 a gudun 80 minti 64 ne, a gudun 100 minti 51. Minti 13 ke nan ake saye da waccan ƙarin tazarar birki ta mita 29, kuma garuruwa da shingaye sukan cinye fiye da rabinsu. Daga nan Birnin Ƙonni na Nijar ɗan taƙi ne. Daga yankin nan ne kuma sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai kilomita 1,068, da aka ƙaddamar a 2024, ta faro. Irinta ce ake yi wa dokar 100, in an gama ta.

Da yamma na biyo wata motar zuwa gida, mun makara, magariba ta same mu kafin Gwadabawa. Tafiyar dare a wannan yanki ba abin so ba ce, ko don tsaro. Ƙaramar fitila tana haska kimanin mita 50 ne. Mai gudun 80 yana bukatar mita 69, wato duk abin da ya gani ya riga ya makara. A 60 jimlar mita 45 ce, ta shiga cikin hasken. Babbar fitila tana kai nesa, amma dole a sauke ta in mota na tahowa ko kana bin wata, kuma idan na gaba ya ƙi sauke tasa kada ka rama, ka kalli gefen kwalta na dama ka rage gudu. A hazon hunturu ma ƙaramar ake kunnawa, babbar ƙura take haskawa ta dawo maka ido. Amalanke ba ta da fitila. Raƙumi ya fi kowa wuyar gani, hasken yana bi ta tsakanin ƙafafunsa, jikin yana sama cikin duhu, in an buge shi kan gilas yake faɗowa.

Kusa da Kware muka fara ganin ganye a kan kwalta, reshe ɗaya, sai wani. Direban ya rage tun kafin ya san dalili. Wata motar kaya ƙirar Kanta ce ta lalace, cike da buhunan albasa, rabinta a kan hanya, ba fitila ko ɗaya a bayanta, an tokare tayoyin da duwatsu. Reshen farko bai fi taku 20 daga bayanta ba. Allon gargaɗi mai kusurwa uku, wanda doka ta ce kowace mota ta riƙe tare da abin kashe gobara da safaya da jak, yana ƙyalli tun daga nesa, kuma a hanyar da ake gudun 80 wurinsa taku 100 ne a baya, wani kuma a gaba. Lambar kiran Rod Sefti kyauta ita ce 122. Direbanmu ya tsaya gaba da ita, can gefe, ya buɗe but ya ɗauko nasa allon, ya miƙa wa yaron motar. "Ƙanena, tai da shi baya, ka yi ta tahiya sai na ce ma tsaya. In kun tashi ku kwashe duwatsun nan, ka kawo min abina tasha gobe." Yaron ya karɓa ya nufi duhu yana ƙirga taku, mu kuma muka hau kwalta, allura a kan 60, har fitilun Sakkwato suka bayyana bayan gada.